Marigayi Shu'aibu Amodu da Matsayinsa a Cikin Masu Horar da 'Yan Ƙwallo

Duk lokacin da matasan garinmu suka zauna jera gwanayen da suka horar da Super Eagles, sunaye uku ne ke fara fitowa: Otto Gloria, wanda ya ɗauko mana kofin Afirka a 1980, da Clemens Westerhof a 1994, da Stephen Keshi a 2013. Ba kasafai ake ambaton Shu'aibu Amodu ba, don bai taɓa ɗaga wannan kofi ba. Mu kuwa da muka bi zamaninsa ta rediyo muna ganin an yi masa ƙwauron awo.

Tun kafin a ba shi ƙungiyar ƙasa ya riga ya yi suna. A 1990 ya jagoranci BCC Lions ta Gboko, ƙungiyar kamfanin siminti, ta doke Club Africain ta Tunisiya a wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofuna ta Afirka. Daga baya ya zo Maiduguri ya ci kofin ƙalubale da El-Kanemi Warriors.

Amma inda ya kamata a auna shi shi ne halin da yakan tarar da Super Eagles. A 2001, bayan Saliyo ta doke mu, an sallami Jo Bonfrere, mutane da yawa kuma sun fid da rai da zuwa gasar cin kofin duniya. Aka miƙa wa Amodu ragama, Keshi na cikin mataimakansa. Ya ci sauran wasannin, har aka lallasa Ghana da ci 3 da nema a Fatakwal, aka sami gurbi. Da ya zo na uku a gasar Afirka ta Mali a 2002, sai aka kore shi. Festus Onigbinde ne ya kai 'yan wasan Koriya da Japan, suka dawo da maki ɗaya tak.

Abin mamaki, haka aka maimaita bayan shekara takwas. A Nuwamban 2009 ya ci Kenya 3 da 2 a Nairobi, a ranar da Mozambik ta kayar da Tunisiya, muka sake samun gurbi. Ya sake zuwa na uku a Angola a 2010, aka sake cire shi, aka ɗauko Lars Lagerbäck daga Suwidin. Shi ma maki ɗaya ya kawo daga Afirka ta Kudu. Mu da muka riƙe alli mun san zafin ka raini aji tun daga tushe, ana gab da jarrabawa a ce wani ne zai shiga da su.

Ba mu ce ba shi da aibu ba. Masu sukarsa sun ce wasan yaransa ba ya ƙayatarwa, kuma sau biyu ya tsaya a wasan kusa da na ƙarshe, a hannun Senegal da Ghana. Wannan gaskiya ce, shi ya sa ba za mu ɗora shi sama da Keshi ko Westerhof ba. Sai dai su an bar su sun je gasar duniya da Nijeriya, har suka tsallake zagayen farko. Shi ba a taɓa ba shi wannan dama ba, balle a ga iyakarsa. A ganinmu gurbinsa na nan daf da nasu.

Ya rasu a watan Yunin 2016, 'yan kwanaki bayan rasuwar Keshi, yana riƙe da muƙamin daraktan fasaha na hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. An yi jana'izarsa a Okpella ta Jihar Edo. Allah Ya jiƙansa.