Musa Ma'azu: ɗan wasan da ya durƙusar da Masar a Yamai

Daren jiya a rumfar kallon ƙwallo da ke bayan masu injin niƙa dutse, nan Tchibarakaten, gardama ta kaure ana hutun rabin lokaci. Wani yaro da bai wuce shekara 20 ba, ƙurar rami har a girarsa, ya ce Nijar ba ta taɓa haifar ɗan wasan da duniya ta san da shi ba.

Na ce masa: "Ƙanena, Musa Ma'azu fa?"

Ya ce: "Haba yaya, wanda ya ƙare a yawon ƙungiyoyi? Ai bai tsinana komai ba."

Maganar ta tsaya mini a rai har na kasa barci. Ban ga laifinsa ba, domin lokacin da abin ya faru ko makaranta bai shiga ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, don shi da sa'o'insa.

An haifi Musa Ma'azu, wanda takardu ke rubutawa Moussa Maazou, a Yamai ranar 25 ga Agusta 1988. A ƙungiyar sojoji ta ASFAN ya fara suna. Dogo ne, ga ƙarfi, ga gudu kamar an saki barewa. A farkon 2008 Lokeren ta Beljiyam ta ɗauke shi, kuma cikin shekara guda ƙwallayensa suka sa manyan ƙungiyoyi suka waiwayo. A 2009 CSKA ta Mosko ta saye shi a kan kuɗi kusan euro miliyan 5. Yaro ɗan shekara 20, wanda bai daɗe da barin filayen rairayi na Yamai ba!

Mu masu tonon zinariya mun san irin wannan. Mutum ya sauka rami, kwana kaɗan ya ci karo da jijiya mai kyau, kafin ya san farashin giram kowa ya zama ɗan'uwansa. A ganina nan ne ƙafar Ma'azu ta fara zamewa, kuma ba daga gare shi kaɗai ba ne. A shekarar da ya isa Mosko, koci uku ƙungiyar ta yi: Zico ɗan Brazil, sai Juande Ramos, sannan Leonid Slutsky. Baƙon da ke fama da sanyi da harshe, duk bayan 'yan watanni sai ya sake gwada kansa gaban sabon maigida. Ƙwallayen da ya ci a gasar Rasha ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ku kwatanta da Ahmed Musa na Kano Pillars, wanda ya je wannan ƙungiyar a farkon 2012. Shi ya tarar da Slutsky ya zauna daram, ya yi shekara 4 da rabi ƙarƙashinsa, ya lashe gasar Rasha sau 3. Ƙofa ɗaya suka shiga, amma gidan da suka tarar ba ɗaya ba ne.

A Janairun 2010 aka ba da aronsa ga Monaco, sai ya farfaɗo. Shi ya ci Lens ƙwallo a ƙarin lokaci, wadda ta kai Monaco wasan ƙarshe na kofin Faransa, inda PSG ta ci su 1 da nema. Daga nan aka sake ba da aronsa ga Bordeaux, can kuma ƙwallo ta ƙi shiga raga, tsakaninsa da 'yan kallo ya yi tsami.

Yana cikin wannan hali ne ranar 10 ga Oktoba 2010 ta zo.

Wanda bai ga 2010 ba ba zai gane nauyin ranar ba. A watan Fabrairu sojoji suka kifar da Tandja Mamadou. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, yunwa ta shiga karkara. A tsakiyar Satumba kuma aka sace ma'aikatan kamfanonin yuraniyam a cikin Arlit, gari ya cika da sojoji, kowa zuciyarsa a ɗaure. Ina Akokan, gefen Arlit, a lokacin. Ran nan Masar ta zo filin Janar Seyni Kountché a wasan neman gurbin gasar Afirka, Masar ta Hassan Shehata da ta ɗauki kofin Afirka sau 3 a jere, 2006 da 2008 da 2010. Mu kuwa ko sau ɗaya ba mu taɓa leƙa gasar ba. Muka taru gaban tele ɗaya a ƙofar wani mai shayi, fatanmu kawai kada a yi mana ruwan ƙwallaye.

Kafin a tafi hutun rabin lokaci Ma'azu ya zura ta. Har yau ina ganin butar shayin da ta kife a kan gawayi, hayaƙi ya tashi, babu wanda ya ko dube ta. Wani dattijo Buzu da ban taɓa ganin bakinsa ba, rawaninsa ya warware yana tafi. A haka aka tashi, 1 da nema.

A Satumbar 2011 Afirka ta Kudu ta zo Yamai ta sha kashi 2 da 1, kuma Ma'azu ne ya ci ɗaya daga ciki. Saliyo ma ta faɗi a nan, 3 da 1. Wasa 3 a gida, nasara 3. Wasa 3 a waje, duk muka faɗi. Ranar ƙarshe, 8 ga Oktoba 2011, Masar ta rama da 3 da nema a Alƙahira, yayin da Afirka ta Kudu ta yi canjaras da Saliyo, 'yan wasanta har da rawa a fili, suna zaton sun haye da yawan ƙwallaye. Ashe dokar gasar ta ce idan maki ya zo ɗaya, sakamakon karawar da aka yi tsakanin masu kunnen dokin ake dubawa. Ƙasashe 3 kowace da maki 9, Nijar ce a sama. Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ta shiga gasar Afirka karon farko a tarihi, aka kuma zaɓi Harouna Doula gwarzon koci na Afirka na 2011.

Abin da mutane ke mantawa, a tsakanin waɗannan wasanni Ma'azu ya koma Monaco a farkon 2011, bai daɗe ba gwiwarsa ta samu rauni, ya yi watanni yana jinya. Da ya miƙe, rigar ƙasarsa ya sake sakawa.

A gasar kanta ba mu yi nisa ba. A 2012 a Gabon, mai masauki ta ci mu 2 da nema, Tunisiya 2 da 1, Maroko 1 da nema. A 2013, bayan mun fitar da Gini, Gernot Rohr ya kai mu Afirka ta Kudu, muka samu makinmu na farko a canjaras da Kwango, Mali da Gana suka ci mu. Ƙwallo ɗaya tak muke da ita a gasannin biyu, ta William N'Gounou.

Yawon da yaron ke magana a kai gaskiya ne: Zulte Waregem, Le Mans, Étoile du Sahel ta Tunisiya, Guimarães. A 2014 a Marítimo ta Fotugal ya sake tashi, ƙwallaye suka dawo, har ƙungiyar Changchun ta ƙasar Sin ta saye shi a 2015. Sai Denmak, Ajaccio, Lens, Saudiyya, da sauransu. Amma ni ban ɗauki wannan abin kunya ba. Dubi rumfar da muke zaune: wani daga Damagaram, wani daga Tawa, wani ya bi Jado kafin ya iso nan, da yawanmu kuma mun hauro ne bayan an rufe mahaƙar yuraniyam ta Cominak a 2021. Wanda rami ya rufe masa ya ɗauki diga ya buɗe wani, a nan ba ma kiransa rago.

Tun 2013 Mena ba ta koma gasar Afirka ba. A neman gurbin 2025 ta ci Sudan 4 da nema, ta bi Gana har Accra ta ci ta 2 da 1, amma maki 1 ya hana ta wucewa. Wasanninta na gida kuwa a Maroko da Togo ta buga su, ba a Yamai ba, filin da Masar da Afirka ta Kudu suka durƙusa.

Ina roƙon hukumar ƙwallo ta ƙasa da mahukunta su tabbatar Mena na karɓar baƙinta a gaban 'yan ƙasa, su kuma waiwayi ƙungiyoyin nesa irin Urana da Akokana na Arlit. Kai kuma ƙanena, in wannan rubutu ya iso wayarka, nemi hoton wasan 10 ga Oktoba 2010 ka kalla, sannan ka same ni a rumfa mu ƙarasa maganar.