Hawan Fari a Ƙasar Kaboyi: Hannu Ya Yi Laushi, Lokaci Ya Ƙure

A manyan gandayen kiwon shanu na Texas, wajen shekarun 1870 zuwa 1880, doki kan kai shekara huɗu ko biyar yana yawonsa a daji, bai san hannun mutum ba sai ranar da aka yi masa lamba da wuta aka dandaƙe shi. Ran da za a fara hawansa, sai a koro shi cikin shinge, a wurga masa zarge a ƙafafun gaba, a kayar da shi. A rufe masa ido da tsumma, a aza sirdi, a ja majayi. Mahayi na zama daram, sai a yaye tsumman. Daga nan sai tutsu: doki ya gantsare, ya cusa kai tsakanin ƙafafu, ya yi ta tsalle, mahayi kuwa yana zuba masa ƙaimi da bulala har ya gaji ya sallama.

Sana'a ce ta wasu jarumai masu bin gandu-gandu, ana biyansu daloli kaɗan a kan kowane doki. Bayan hawa uku zuwa biyar sai a ce ya horu, a miƙa wa makiyayi ya ƙarasa da shi a bakin aiki. Gaggawa ce ta kawo haka. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, an kora miliyoyin shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas irin su Abilene, kuma kowane kaboyi na buƙatar dawakin canji da yawa. Doki na da araha a lokacin, babu mai ɓata wata shida a kan guda ɗaya.

Can yamma, a Kalifoniya, al'adar daban ce. Makiyayan da ake kira vaquero sun gaji hawa daga Sifaniyawa da mutanen Meziko, waɗanda suka fara kafa zango a yankin a 1769. Ƙasa ce mai sauƙin sanyi, ga ciyawa, ga lokaci, sai horon doki ya zama abin tinƙaho. Su ma ba lallashi suke yi a ranar farko ba, amma abin da ke biyo baya shi ne abin kallo. Ba sa gaggawar sa ƙarfe a baki, musamman yayin da doki ke famfara. Ragama suke sa masa mai kauri, wadda aka saƙa da ɗanyar fata ta zagaye hanci, da igiyar da aka tufka da gashin doki. Da ita zai koyi juyawa da tsayawa. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai a rage kaurin ragamar a haɗa ta da linzami, mahayi ya riƙe igiyoyin duka biyu, yana rage dogaro da ta hanci sannu a hankali. Kafin a bar doki da linzami zalla ya kan kai shekara bakwai ko takwas, kuma a lokacin motsin yatsu kaɗai ya ishe shi.

Mutumin da ya sauya ranar farkon ita kanta shi ne Tom Dorrance, wanda aka haifa a 1910 a gandun iyayensa a jihar Oregon. Ba shi da girman jiki, ba ya kuma son kokawa da dabba, sai ya ba da ƙarfi wajen lura: yaushe doki ke shirin motsi, me ya tsorata shi, a wane lokaci ya kamata a saki igiya. Wajen 1960 wani kaboyi mai suna Ray Hunt ya nemi taimakonsa a kan wani doki, Hondo, da ya gagare shi. Hunt ne ya ɗauki koyarwar ya zagaya ƙasa da ita tun daga shekarun 1970, almajirinsa Buck Brannaman ya ɗora. Fim ɗin The Horse Whisperer na 1998 ya kai labarin ga waɗanda ba su taɓa riƙe linzami ba.

Yau idan aka leƙa bargar mai horo na kirki, za a tarar da duƙushi a cikin zagayayyen shinge. Mai horo na tsaye a tsakiya da 'yar tuta a bakin sanda. Ya kora shi ya zagaya; da zarar duƙushin ya karkato kunne ya juyo da fuska, sai mutumin ya ja da baya ya ƙyale shi ya huta. Wannan hutun shi ne ladan. Da haka ake shafa masa bargo, a ɗora sirdi, a bar shi ya yi 'yan tsalle-tsallensa babu kowa a sama, sannan a taka likkafa a sauka, a sake takawa. Sau da yawa hawan fari kan wuce babu tutsu ko ɗaya. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ya cancanci yabo.

Sai dai a daidai shekarun da hannu ke yin laushi, gasa ta shigo da nata lissafin. A 1962 ƙungiyar NCHA, mai shirya gasar ware saniya daga garke, ta yi gasarta ta farko ta 'yan shekara uku a garin Sweetwater na Texas, Buster Welch ya lashe a kan Money's Glo. A 1966 aka fara irinta ta gwanintar juyi da zamiya a Columbus ta jihar Ohio, a 1970 kuma Kalifoniya ta bi sahu da tata. Yanzu a ƙarshen kowace shekara ana raba miliyoyin daloli a Fort Worth da Oklahoma City, kuma dokin da ya yi nasara darajarsa da ta 'ya'yansa kan yi tashin gwauron zabi.

Kafin ɗan shekara uku ya iya tare saniya shi kaɗai, linzami a sake, cikin minti biyu da rabi da ake ba mahayi, yana buƙatar horo na kusan shekara biyu. Ga shi kuma a rajista kowane doki ranar 1 ga Janairu yake ƙara shekara. Duƙushin da aka haifa a Afrilu ko Mayu, aka aza masa sirdi da zarar ya cika shekara biyu a takarda, watanninsa ashirin ne ko kusa da haka. Ƙasusuwan gwiwarsa ba sa gama haɗewa sai wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, na gadon baya, inda mahayi ke zama, sai ya kai biyar zuwa shida.

Masu horo na da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Binciken da aka yi a kan dawakin sukuwa ya nuna motsa jiki daidai gwargwado tun da ƙuruciya na ƙarfafa ƙashi, kuma hawan minti goma sha biyar a fili mai laushi bai kai wahalar yini guda a bayan shanu ba. Matsalar tana ga watannin ƙarshe kafin gasa, lokacin da ake maimaita zamiya da juyi mai tsanani kullum, har allurar gaɓoɓi ta zama ruwan dare ga dawakin da ba su gama girma ba. A nan ne ya kamata mai doki ya iya cewa a dakata, ko da kuɗin shiga gasa zai salwanta. Ƙungiyoyin sun buɗe gasanni na 'yan shekara huɗu zuwa sama, wasu masu dawakin kuma suna jira su shiga waɗannan, amma har yanzu kyautar da ta fi tsoka tana wurin 'yan shekara uku.