Rijiyar da ba a shan ruwanta: yadda aka fara sa ido kan fetur a ƙarƙashin ƙasa

A daren 15 ga Oktoba 2024 wata tankar fetur ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura. Mai ya malale a magudanar ruwa, jama'a suka taru kwasa, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Wannan fetur ne da kowa ya gani. Akwai wani kuma da ba ya shiga labarai, wato wanda ke ɗiga a hankali daga tankin da aka binne a gidan mai, ya bi ƙasa har ya iske ruwan rijiya.

Duniya ta daɗe ba ta farga da shi ba. A Amurka, cikin shekarun 1950 da 1960, an binne tankunan ƙarfe zalla a gidajen mai bila adadin. Ƙarfe a cikin damshi kuwa makomarsa tsatsa. Da suka tsufa suka fara yoyo, galibi hancin masu rijiya ne ya riƙa ganowa, bayan ɓarna ta riga ta yi nisa. Sai a 1984 majalisar ƙasar ta yi doka, a 1988 hukumar kare muhalli ta EPA ta fito da ƙa'idoji: kowane tanki ya samu kariya daga tsatsa da hanyar gano yoyo, aka ba tsofaffin tankuna wa'adi zuwa Disamba 1998. Yoyon da aka tabbatar daga lokacin zuwa yau ya haura 500,000.

Cikin hanyoyin da suka amince da su akwai rijiyar sa-ido. 'Yar siririyar burtsatse ce da ake haƙawa a gefen tanki, a zura bututu mai tsage-tsage wanda zai ratsa daidai saman ruwan ƙasa. Dalili? Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, yana yawo ne a samansa kamar mai a kan miya. In bututun ya nutse can ƙasa, za a ɗebo ruwa garau alhali man yana sama. Ana buƙatar aƙalla rijiya uku kafin a san inda ruwan ke gangarawa, domin maƙwabcin da ke wannan ɓangaren shi ne zai fara sha.

A ɗakin gwaji abin da aka fi nema shi ne benzin, sinadarin da ke narkewa a ruwa kuma yake jawo kansar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa maikurogiram 10 a lita. Ku yi lissafi: in benzin kashi 1 cikin 100 ne na fetur, lita ɗaya na ɗauke da kusan giram 9, wanda ya isa ya kai ruwa lita kusan 900,000 bakin wannan iyaka.

Mu ma a Najeriya hanci ne ya riga na'ura. A unguwar Baruwa ta Legas, tun shekarun 1990 mazauna suka fara jawo fetur a guga, daga bututun mai da ke yoyo a yankin. A 2011 rahoton UNEP kan ƙasar Ogoni ya sami benzin ninki fiye da 900 na iyakar a rijiyoyin Nisisioken Ogale, ga tataccen mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙasa. Kuma fa ba takarda aka rasa ba. Tsohuwar DPR ta fitar da ƙa'idojin muhalli na EGASPIN tun 1991, an kafa NOSDRA a 2006, dokar man fetur ta 2021 kuma ta miƙa lasisin gidajen mai ga NMDPRA.

Shekarar 1991 ɗin nan ita ce aka ƙirƙiri Jigawa, Dutse ta zama babban birni. Sakatariya ta zo, jami'ar tarayya ta biyo a 2011, gidajen mai suka bi manyan hanyoyi, unguwanni suka kewaye su da rijiyoyi da burtsatse. Tankin da aka binne a farkon jihar yau ya haura shekara 30, kuma a ganina shekarunsa kaɗai sun isa a haƙa masa rijiyar sa-ido.

Ƙasar Dutse ma tana da nata hali. Ruwanta yana zaune ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin dutsen da ke ƙasa, saɓanin arewacin jihar wajen Haɗejiya inda yashi da yumɓun kwarin Chadi suka yi kauri. A tsaga, gurɓataccen ruwa na iya tsallake rijiyar da ke jikin katangar gidan mai ya ɓulla a wata mai nisa. Ga damina: ruwan ƙasa yakan taso ya wanko man da ya maƙale a ƙasa tun rani. Shi ya sa samfurin Afrilu da na Satumba daga rijiya ɗaya kan ba da sakamako daban, dole a ɗebi duka biyun.