Daga Kududdufi Zuwa Burtsatse: Ruwan Kashe Gobara a Ƙasar Gaya

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙauyukan da ke tsakanin Wudil da Gaya da Ajingi suna zaune ne a tsakiyar makamashi. An gama girbi, an tara damman dawa da gero a masussuka, an jingine kara a bayan gida, an ɗora harawar wake da ta gyaɗa a kan bishiya ko a kan rufin ɗaki. Danga ta bushe, zana ta bushe, iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas ba laima ko kaɗan a cikinta. Da dare kuma kowane gida yana hura wutar jin ɗumi.

Wannan ce gobarar dajinmu, in har za a kira ta haka. Gabashin Kano ba shi da dajin itatuwa irin na Ostareliya ko Kalifoniya. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya bayyana kewayen Kano a matsayin ƙasar da jama'a suka cika, gona na bin gona, ana noma ta kowace shekara ba hutu. Saboda haka wutar da yaro ya cinna wa ramin gafiya, ko wadda manomi ya sa wa saura, ba ta yin nisa kafin ta iske abincin shekara. Abin da ke ci a nan hatsi ne da abincin dabbobi, wani lokaci da rai.

Tambayar da nake so mu bi tarihinta ita ce: idan wuta ta tashi a irin wannan wuri, da wane ruwa ake kashe ta?

Gaya tsohon gari ne. Tarihin baka na Kano yana cewa maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka zo Dutsen Dala neman tama, wato mutanen da sana'arsu sarrafa wuta ce. Garuruwa irin wannan an gina su ne da ƙasar da aka haƙa a cikinsu. Duk inda aka ɗebi ƙasar tubali da ta yaɓe sai rami ya rage, damina ta cika shi, ya zama kududdufi. Turawan farko da suka shigo Kano, Clapperton a 1824 da Barth a 1851, duk sun ambaci tafkuna da fadamar da ke cikin birni, kuma ba yabo suka yi ba, don sun ɗauke su matattarar cuta. Gaskiya suka faɗa, amma rabinta. Kududdufi shi ne ma'ajiyar ruwan unguwa. Girmansa yana tafiya da girman unguwar, domin yawan gidajen da aka gina shi ne yawan ƙasar da aka haƙa. Ba wanda ya zauna ya tsara haka, amma sakamakon shi ne duk inda gidaje suka yi yawa, akwai ruwa kwance kusa da su.

Kuma lokacin ya dace. Kududdufi yakan riƙe ruwa bayan ɗaukewar damina har cikin hunturu, daidai watannin da kara da harawa suka fi yawa. Sai bazara ta yi nisa yake ƙafewa, lokacin da dabbobi sun riga sun cinye mafi yawan abin da wuta za ta ci.

Idan an yi kururuwar gobara, ba a jiran kowa. Maza su yi layi daga bakin ruwa da tulu da masaki, daga baya da bokiti. Wasu su watsa ƙasa. Wasu, kuma wannan ya fi muhimmanci, su tumɓuke danga da zanar da ke gaban wutar, su sauke jinkar maƙwabta, don ta rasa abin ci. Mutanen da sun san ruwan tulu ba ya kashe ɗakin ciyawa da ya riga ya kama; aikinsa shi ne jiƙa wanda bai kama ba. Masu hali kuwa sun yi nasu rigakafin tun a gini: soro mai rufin azara da ƙasa, da rufewa ta laka maimakon rumbun kara.

Ruwan famfo ya zo Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin En'e. Aka kafa inji a bakin kogin Challawa, ana tura ruwa zuwa tanki a kan Goron Dutse, daga can ya gangaro cikin gari. Zaɓen dutsen ba ado ba ne. Ƙarfin ruwa a bututu daga tsayi yake fitowa: gwargwadon nisan tanki daga ƙasa, gwargwadon ƙarfin da ruwan ke fita da shi. Wannan aikin na birni ne da unguwannin Turawa. Gundumomi irin su Gaya, mai nisan kimanin kilomita 60 daga Kano, rabonsu a zamanin En'e shi ne rijiyar siminti mai zurfi. Ko a birnin ma, famfo bai zama garkuwa daga wuta ba: a ranar 13 ga Mayu 1951 gidan siliman El-Duniya ya ƙone, mutum 331 suka rasu.

Babban sauyi ya zo ne da gwamnatin Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, wadda ta haɗu da farin farkon shekarun 1970. Aka shiga gina madatsun ruwa. Aka kammala Tiga a 1974, Challawa kuma sai 1992. Aka kafa WRECA don ayyukan ruwa na jiha, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar raya kogunan Hadeja da Jama'are a 1976. Ruwan waɗannan madatsu biyu yana haɗuwa ya ratsa Wudil, ya bi ta ƙasar Ajingi ya shiga Ringim a Jigawa. Mutanen bakin kogin sun san shi sarai, domin da damina yakan cinye musu gonaki da gidaje, kamar yadda ya yi a 2001. Da rani kuwa, ƙauyen da ke nisan tafiyar sa'a ɗaya daga wannan kogi zai iya ƙonewa ƙurmus ba a sami ruwan cika ganga goma a lokaci guda ba.

Dalilin shi ne duk waɗannan ayyuka an auna su ne da ƙishirwa da noman rani. Injiniyan ruwan sha yana lissafin lita nawa mutum ɗaya ke buƙata a yini, ya ninka da yawan jama'a, ya raba a kan sa'o'i. Gobara ba ta bin wannan lissafi. Tana son ruwa mai yawa, a wuri ɗaya, cikin mintuna.

Mu ɗan yi lissafi. A ce motar kwana-kwana ta zo da lita 4,000, wanda matsakaici ne ga irin waɗannan motoci. Mesa ɗaya mai fesa lita 400 a minti za ta ƙarar da shi cikin minti 10. Wannan ruwa daidai yake da jarka 160 mai cin lita 25, wato kurar ɗan garuwa goma sha uku da 'yan kai, idan kowace tana ɗauke da jarka 12. Idan motar ta je cikowa a burtsatse mai ba da lita ɗaya a daƙiƙa, kuma burtsatse mai kyau ke nan a wurare da yawa, za ta tsaya fiye da sa'a guda. Ɗakin ciyawa ba ya kai rubu'in wannan lokaci yana ci. Batun ƙarfi kuma: tankin roba da ke kan ƙarfe a bakin masallaci ko asibitin ƙauye bai cika wuce mita shida ba, alhali mesar 'yan kwana-kwana tana aiki ne da ƙarfin da ya yi daidai da tanki mai tsayin mita 70. Injin motar ne ke samar da wannan ƙarfi. Abin da take nema a wurin gari ba ƙarfi ba ne, yawa ne.

A nan ne tarihin shekaru arba'in da suka wuce ya yi mana wayo. Daga shekarun 1980 aka cika karkara da famfon tuƙa-tuƙa, daga baya burtsatse mai janareta, yanzu kuma mai sola. Gabashin Kano ya ci moriyar wannan fiye da wasu sassa, don a wannan yanki ne dutsen da ke shimfiɗe ƙarƙashin mafi yawan jihar yake fara nutsewa cikin yashin kwarin Chadi, wanda ya fi riƙe ruwa. Alherin da aka samu ba ƙarami ba ne, kuma ba ni cikin masu kukan zamanin kududdufi. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu ciwon kurkunu fiye da 650,000 a Najeriya. A watan Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an raba ƙasar da cutar. Duk wanda ya taɓa ganin ana naɗe tsutsar a tsinke daga ƙafar manomi a tsakiyar damina ba zai so a koma shan ruwan tafki ba. Kududdufi ya ci yara, ya kuma raini sauro.

Sai dai da aka daina shan sa, aka daina ganin amfaninsa. Bulo da siminti suka maye gurbin tubali, ba a ƙara haƙa sabo ba. Tsofaffin suka zama juji, aka cike su, aka yanka filaye aka sayar. Rijiyoyin unguwa, waɗanda mutum biyar za su iya zura guga a lokaci ɗaya, aka rufe su ko aka bar su suka rufta. Ruwa ya koma cikin siririn bututu mai baki ɗaya, sau da yawa a bayan katanga da makulli. Na sola ba ya jan ruwa da dare, kuma gobarar jin ɗumi da dare take tashi; in an yi rashin sa'a mata sun kwashe na tanki da yamma, shi ke nan sai gari ya waye. Mun sami ruwa mai tsabta, muka rasa ruwa mai jira.

Kada a ɗauka wannan matsalar talauci ce kawai. A watan Janairu 2025, lokacin da wuta ta afka wa unguwar Pacific Palisades a birnin Los Anjelis na Amurka, bakunan famfon kashe gobara da ke kan tudu sun bushe. Tankuna uku da ke ba unguwar ƙarfin ruwa, kowanne mai cin kimanin galan miliyan ɗaya, sun ƙare kafin asubahin rana ta biyu, bayan an shafe sa'o'i 15 ana jan ruwa ninki huɗu na yadda aka saba. Wata babbar ma'ajiya da ke kusa, mai cin galan miliyan 117, tana fanko saboda gyara. Duk gidan da ya ƙone kuma bututunsa yakan fashe ya ci gaba da zubar da ruwa, ya rage wa na gaba ƙarfi. Labarin tsoho ne. A gobarar Landan ta 1666, wuta ta fara cinye injinan da ke ɗaga ruwa daga kogi a gindin gada. A San Faransisko a 1906 girgizar ƙasa ta karya manyan bututu, wuta ta ci gari kwana uku.

Abin lura shi ne darasin da waɗannan wurare suka ɗauka. San Faransisko ta gina manyan rijiyoyin ajiya a ƙarƙashin mahaɗar tituna, aka zagaye samansu da jan bulo don ɗan kwana-kwana ya gane su. Ba su haɗe da famfon gida, aikinsu kawai su jira. A jihar New South Wales ta Ostareliya, hukumar kashe gobarar karkara, wadda mafi yawan ma'aikatanta 'yan sa-kai ne, tana liƙa alama a ƙofar wasu gidajen da ke da tanki ko tafki ko wurin wanka, don mota ta san inda za ta zura mesa idan famfo ya mutu. Ana kuma gargaɗin mazauna kada su dogara da ruwan bututu ko injin lantarki a ranar wuta. In ka cire ado, ƙasashen da suka fi kowa bututu sun koma ga kududdufi ne, sai dai nasu a rufe yake, kuma an rubuta inda yake.

A wurinmu dokoki ba su yi ƙaranci ba. Akwai dokar hukumar kashe gobara ta tarayya tun 1963, jiha tana da tata hukumar, akwai kuma ƙa'idojin hana ƙona daji da aka fitar a 2011 ƙarƙashin NESREA. Abin da na kasa gani shi ne ofishin da ruwan kashe gobara yake wuyansa. Hukumar ruwa tana kula da sha. Hukumar kogi tana kula da noman rani. 'Yan kwana-kwana suna da mota, ba su da ruwa. Ɗan siyasa mai haƙa burtsatse yana son abin da za a rubuta sunansa a jiki, kuma ba a yanka ƙyalle a bakin rami. Idan birni ma, wanda ke da matatar Tamburawa mai ƙarfin lita miliyan 150 a yini, ya ga kasuwar Sabon Gari ta ƙone a watan Maris 2016 da dubban shaguna, me za a ce da ƙauyen da ke ƙarshen hanyar burji?

Abin da ya rage a hannu ba shi da tsada sosai. Dokar masarautu ta 2024 ta sa Gaya da Ajingi da Albasu ƙarƙashin masarauta ɗaya, kuma babu dagaci ko mai unguwa a cikinsu da bai san kowane kududdufi da kowace tsohuwar rijiya a ƙasarsa ba, da watan da kowanne ke ƙafewa. Wannan sani bai taɓa shiga takarda ya isa hannun direban motar kwana-kwana ba. Haka nan manoman rani na bakin kogi a Ajingi suna da ƙananan injinan ban-ruwa masu amfani da fetur, irin masu bakin inci biyu ko uku, waɗanda mutum biyu ke ɗauka a ɗora a babur. Irin wannan inji yana jan ɗaruruwan lita a minti, wato yana yin abin da burtsatse ba zai iya ba, muddin akwai ruwa kwance da zai zura baki a ciki. Kwatami ɗaya na siminti mai murfi, faɗinsa da tsawonsa mita huɗu huɗu, zurfinsa mita biyu, yana cin lita 32,000: cikin mota takwas. Burtsatsen sola da ke kusa zai iya cika shi a hankali da ruwan da yanzu ke malala ƙasa da tsakar rana idan tankin sama ya cika.