Daga Kaki zuwa Falwaya

Mu da muka tashi a unguwar nan mun riski dattawan da ake ce wa 'yan Boma. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, suka dawo Bauchi, wasu da lambar yabo kawai, wasu kuwa da sana'ar hannu: tuƙi, kanikanci, jan waya. Masu sana'ar nan su ne tukunyarsu ba ta daina tafasa ba.

Haka aka sake yi bayan yaƙin basasa. A 1970 sojojin Najeriya sun kai kusan 250,000, dole daga baya aka rage su. A 1972 kuma aka haɗa ECN da hukumar madatsar Kainji, aka kafa NEPA. Aikin wuta kuwa mai natsuwa da bin ƙa'ida yake so, don kuskure ɗaya sai likkafani. Wa ya fi tsohon soja sanin wannan?

Yau cibiyar Oshodi a Legas tana koya wa sojoji masu ritaya sana'o'i. To, 'ya'yanmu da ke barikin Shadawanka, ku kama sana'a tun kaki na jikinku. Fansho kan makara, cefane kuwa ba ya jira.