Naƙasassu da neman aiki a Nijar: abin da doka ta tanada da inda za a dosa

Jama'a masu saurarenmu a karkara, da ƴan'uwa mazauna Najeriya, Gana, Kodebuwa, Libiya da sauran wurare masu bibiyar wannan shafi, tambaya guda ce ke yawan dawowa: gurgu, makaho, kurma ko wanda ya rasa hannu, shin yana da wani haƙƙi a hukumance, ko kuwa sai abin da jama'a suka ba shi sadaka? Amsa ita ce yana da haƙƙi, kuma a rubuce yake. Ga bayanin a taƙaice, don a ajiye, a kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Su nawa ne?

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kashi 4,2 cikin 100 na ƴan Nijar suna da wata naƙasa, wato mutum sama da 700.000 a wancan lokaci. A duniya baki ɗaya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kashi 16 cikin 100. Ke nan da wuya a samu zuri'ar da abin bai taɓa ba. Wani da ita aka haife shi, wani shan inna ce, wani kuturta, wani amodari ko yanar ido, wani kuma hatsarin mota ko na babur.

Me doka ta ce?

Na farko, dokar 93-012 ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda aka yi wa gyara a 2010, ita ce ta aza harsashin kare naƙasassu a ƙasar nan. Ta ce duk ma'aikatar gwamnati ko kamfani mai zaman kansa da ke da ma'aikata 20 ko fiye, sai ya ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga naƙasassu. Lissafin mai sauƙi ne: cikin ma'aikata 20, gurbi ɗaya, cikin 100, gurabe biyar.

Na biyu, kundin dokokin aiki na 2012 ya hana mai ɗaukar ma'aikata ya nuna bambanci saboda naƙasa, ko wajen ɗauka, ko wajen albashi, ko wajen sallama.

Na uku, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a watan Yunin 2008, sannan a Disamban 2019 aka kafa wata doka, mai lamba 2019-62, kan shigar da su cikin harkokin rayuwa: karatu, lafiya, aiki da shiga gine-ginen jama'a.

To amma fa, gaskiyar magana, doka a takarda daban, aiki da ita daban. Ƙungiyoyin naƙasassu sun daɗe suna kukan cewa kamfanoni da yawa ba su cika wannan kashi 5. Shi ya sa sanin dokar ke da amfani. Wanda ya san haƙƙinsa, ba roƙo ya je yi ba.

Takardun da za a fara haɗawa

Kafin a je ko'ina, a tabbatar akwai takardar haihuwa. Yara naƙasassu da dama ba a yi musu ita ba, don iyaye na ganin ba za su shiga lakwal ba. In lokacin yin ta ya wuce, ana samun madadinta ta hanyar kotu. A tambayi meriya yadda ake yi. Sai katin ɗan ƙasa, da takardar likita mai bayyana irin naƙasar, da takardun lakwal ko shaidar koyon sana'a in akwai. A yi hotokopi, asalin takardun kuma su zauna a gida.

Inda za a dosa

Meriya da ofishin jin daɗin jama'a na gunduma ko na jiha: nan ake fara tambayar taimakon da ke akwai, da yadda ake neman sassaucin kuɗin asibiti.

ANPE, hukumar samar da ayyukan yi: mai neman aikin albashi ya je ya yi rajista, ya karɓi katin mai neman aiki. Tana da ofisoshi a manyan biranen jihohi.

Cibiyoyin koyon sana'a na komin-komin, waɗanda ake kira CFM, da asusun FAFPA mai tallafa wa horon sana'a: ɗinki, walda, kafinta, gyaran babur, wutar lantarki. Gurgu mai lafiyar hannu ba abin da zai hana shi gyaran salula ko ɗinki.

Ofishin sufeton aiki: wanda aka kora ko aka tauye wa albashi saboda naƙasa, can zai kai ƙara. Wanda kuma ya naƙasa a bakin aiki, in mai gidansa ya yi masa rajista a CNSS, yana da haƙƙin magani da diyya. Kada a yi jinkirin sanar da hatsarin.

Ƙungiyoyinsu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwar ƙungiyoyin ita ce FNPH, tarayyar naƙasassun Nijar. Makafi na da UNAN, kurame na da ASN, guragu na da ANHL. Shiga ƙungiya na da riba biyu: labarin horo ko ɗaukar aiki ta nan yake fara biyowa, kuma in an je gaban hukuma, muryar ƙungiya ta fi ta mutum guda nauyi. Akwai kuma ƙungiyoyin waje irin su Humanité & Inclusion, wadda a da ake kira Handicap International, da CBM, masu aiki kan karatun yara naƙasassu da lafiyarsu.

Karatu da magani

Aikin kirki daga karatu yake farawa. A Yamai akwai makarantar makafi ta Soli Abdourahamane, inda ake koyon rubutun da ake karantawa da yatsa, da makarantar kurame ta Hassane Bana Ba. Maraɗi da Damagaram ma suna da makarantun kurame. Yaron da ƙafa ce kawai matsalarsa, lakwal ɗin garinsu ya kamata ya shiga tare da sauran yara.

Wata naƙasar kuma ana gyara ta in an yi sauri, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jaririn da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa ko tsagaggen leɓe, asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 yana wannan aiki. Kuturta na warkewa, maganinta kyauta ne, ana shan sa wata 6 zuwa 12, kuma asibitin Danja kusa da Maraɗi ya daɗe a wannan fanni. Ƙafar roba da takalmin ƙarfe kuwa, akwai sashen da ke yin su a babban asibitin ƙasa na Yamai da na Damagaram.

Ga ƴan'uwa na waje

Kuɗin cefane da kuke aikowa suna da amfani, Allah ya saka. Amma keken guragu, keken ɗinki, injin markaɗe ko akuyoyi biyu na kiwo sun fi daɗewa. Ku tambayi mutumin da kansa abin da yake so ya yi, kada a yanke masa shawara a bayan idonsa. Ku kuma yi hattara da ƴan tsakiya masu cewa a ba su jaka kaza su sa sunan mutum cikin jerin masu samun tallafi. Duk kuɗin da za a biya, a biya a ofis, a karɓi rasit.

Ranakun da za a riƙe

Ranar 31 ga Yuli ita ce ranar naƙasassu ta ƙasa a Nijar, 3 ga Disamba kuma ta duniya. A waɗannan ranaku hukumomi kan zauna da ƙungiyoyi, don haka lokaci ne mai kyau na kai koke a rubuce. Mai gari, liman da mushen lakwal, ku ma da naku: in akwai yaron da aka ɓoye a ɗaka saboda naƙasa, ku yi wa iyayensa magana a yi masa takardar haihuwa, a kai shi lakwal bana.