Tarihin Magungunan Sankarar Nono da Sha'anin Kitsen Jini

Wannan tarihi ya faro ne a birnin Gilasgo na Sikotland cikin shekara ta 1896, lokacin da wani likita mai suna George Beatson ya ba da rahoto cewa ya cire wa wasu mata masu sankarar nono gaɓoɓin da ke yin ƙwan haihuwa, sai ciwon ya lafa a jikin wasunsu. Daga baya masana suka gane dalili, watau akasarin irin wannan sankara da sinadarin estirojin take rayuwa. Tun daga nan dabarar likitoci ita ce su hana ta wannan abinci.

Amma fa estirojin yana da wani aiki a hanta, inda yake taimakawa wajen kwashe mugun kitsen jini, watau nau'in kolestarol da ake kira LDL, wanda ke toshe hanyoyin jini. Shi ya sa idan mace ta manyanta ta daina haila, wannan kitse yakan ƙaru a jininta. To, ina ga wadda aka ba ta maganin da ke yaƙi da ɗan estirojin da ya rage mata? Kada ya zama ana maganin ƙaba kai yana kumbura.

Maganin farko da ya shahara shi ne tamoksifen, wanda kamfanin ICI na Ingila ya haɗa a 1962 da nufin hana ɗaukar ciki. Bai yi wannan aiki ba, amma da aka gwada shi a kan sankara sai ya yi amfani, har Ingila ta amince da shi a 1973, Amurka kuma a 1977. A 1991 Richard Love da abokan aikinsa na Jami'ar Wisconsin suka bayyana sakamakon bincike a kan mata 140 da suka daina haila. Maimakon ya hau, LDL sauka ya yi da kimanin kashi 20 cikin ɗari a jinin masu shan maganin. Ashe tamoksifen fuska biyu gare shi: a nono yana tare wa estirojin hanya, a hanta kuwa yana kwaikwayonsa. Sai dai kowane allazi da nasa amanu, domin yana ƙara haɗarin daskarewar jini da sankarar mahaifa.

Daga 1995 zuwa 1999 Amurka ta amince da sababbin magunguna uku: anastirozol da letirozol da eksemestan. Su waɗannan hana jiki suke yi ya ƙera estirojin tun daga tushe. Sun fi tamoksifen hana sankara dawowa ga matan da suka daina haila. Amma a 2005 wani babban bincike mai suna BIG 1-98, na mata kimanin 8,000, ya nuna cewa an fi samun yawan kolestarol ga masu shan letirozol fiye da masu shan tamoksifen. Hankalin likitoci ya tashi.

Abin lura a nan shi ne ma'aunin da aka yi awo da shi. Wani binciken mai suna MA.17, na mata fiye da 5,000, ya gwada letirozol ne da ƙwayar da babu magani a cikinta, kuma bai sami wani bambanci na a zo a gani ba game da kolestarol. Ke nan yawancin tazarar da aka gani da farko daga tamoksifen ta fito, shi da ke saukar da kitsen. Matsakaicin mutum in ya tsaya kusa da gajere, sai a ce masa dogo.

Darasin wannan tarihi bai tsaya ga awo kaɗai ba. Da yawa daga cikin dattijan matan da aka gano sankararsu da wuri suna tsira daga gare ta, daga bisani ciwon zuciya ya zama ajalinsu. Don haka likita nagari yakan auna kitsen jinin majinyaciya, ya magance shi in ya yi yawa, ba tare da an dakatar da maganin da ke tsare ta daga sankara ba.